Kan Jirgi Ya Samu, Ina Taragansa?

Jiya da la'asar ina kan teburin aiki ina wanke injin wani tsohon ƙaramin kan jirgi, irin ƙananan samfuran jirgin ƙasa da muke sayarwa, sai yaron shagona ya tsaya a kaina ya ce: "Maigida, wani dattijo ya zo yana son haɗa samfurin irin jirgin ƙasan da ke kwaso ma'aikata daga unguwannin gefen Landan a shekarun 1950. Kan jirgi mai tanki na samo masa nan take, amma taragan da suka dace da shi na bincika ko'ina babu. Me ke kawo haka, kuma me zan gaya masa?" Ga amsar da na ba shi.

Jawo kujera, ɗana. Kafin ka nemi kaya, ka san abin da ainihin jirgin yake yi a zamaninsa. Kan jirgi mai tanki shi ne wanda ke ɗauke da ruwansa a tankuna gefen tukunya, kwal ɗinsa kuma a ɗan rumbu bayan direba, ba ya jan wani akwatin kwal a baya. Da gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsa, in ya isa ƙarshen layi sai ya zagayo ya kama ɗaya wutsiyar jirgin ba tare da an juya shi ba. Shi ya sa ya dace da gajeriyar tafiya mai yawan tsayawa. Taragansa kuma ba su da hanyar wucewa a ciki. Ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki da ƙofarsa hagu da dama, don jama'a su zube a tasha cikin ƙiftawar ido. A irin waɗanda British Railways, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, ta ƙera, ɗaki ɗaya na cin mutum 12.

To, me ya sa kai ke samuwa, tarago ya yi wuya? Lissafin kuɗi ne. Kowane sabon samfuri sai an sassaƙa masa mazubin ƙarfe, kuma nan ne kuɗi ke tafiya tun ba a zuba roba ko ɗaya ba. Kan jirgi guda, mazubinsa zai yi ta haihuwa: a canza lamba, a canza fenti, a sayar da tsada. Mutane da yawa ma suna sayensa don ado a kabad, ba su da layin da za su ɗora shi. Tarago kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Kafin a ce an yi jirgi cikakke ana buƙatar mai ɗakunan talakawa zalla, da mai haɗe da ɗakunan manya, da mai ɗakin gadi da burki. Jiki uku ke nan daban-daban, kowanne da nasa mazubin, kuma kowanne ya fi kan jirgi araha nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, daga 1923 zuwa 1948 manyan kamfanonin jirgin ƙasa huɗu ne a Birtaniya, kowanne da fasalin taragansa. Wanda ke bin ɗaya daga cikinsu, kamar Great Western, ba zai taɓa na wani, kamar LNER, ba. Kasuwar da ma ƙarama ce, ga shi an raba ta huɗu.

Sai kuma yadda ake aikin yanzu. Da can Hornby, kamfanin ƙera irin waɗannan samfura, a garin Margate na Ingila yake ƙera kayansa, amma kafin ƙarshen shekarun 1990 ya mayar da aikin Sin. Takwaransa Bachmann kuwa da ma na kamfanin Kader ne na Hong Kong. Masana'anta takan ba ka lokaci ƙayyadadde, a buga adadin da aka yi oda, a sauke mazubi a ɗora na wani. In wannan zubi ya ƙare, ana iya shekaru kafin a sake. Har ma za ka tarar an sake buga masu ɗakin gadi alhali na tsakiya ne suka yanke, domin jirgi ɗaya na cin na tsakiya biyu ko uku. Shagon Hattons, wanda ya yi nasa ƙananan taragai masu ƙafa huɗu da shida da sunan Genesis, ya rufe a farkon 2024 bayan fiye da shekara 70 yana ciniki. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin duk shagon da ya tafi, wata ƙofar samun kaya ce ta rufe.

Yanzu koma kan dattijon nan. Kuskuren da ka yi shi ne ka miƙa masa kan jirgi kafin ka tambaye shi tashar da yake nufi. "Landan" ba amsa ba ce. In tashar Paddington ce, nasa shi ne babban 2-6-2 (adadin ƙafafun gaba, na tsakiya da na baya ke nan) na ajin 61xx da aka fara ƙerawa a 1931, kuma ya yi sa'a, domin kamfanonin Hornby da Dapol duk sun yi wannan dangi a ma'aunin OO, wato girman samfurin da aka fi yayi a Birtaniya, Hornby kuma ya yi taragai ƙirar injiniya Collett marasa hanyar ciki da ke tafiya da shi. In Liverpool Street ce, N7 ne, wanda kamfanin Oxford Rail ya fitar. In kuwa King's Cross ce, to ya ɗauko aiki. Kan jirginsa N2 ne na injiniya Gresley, 0-6-2, mai bututun mayar da tururi cikin tanki saboda ramukan ƙarƙashin ƙasa na hanyar Moorgate. Samfurinsa ba ya wuya, tun 1938 da jerin samfuran Hornby Dublo ya fara fitowa yana cikin na farko. Amma abin da ya fi ja shi ne Quad-Art, taragai huɗu a sarƙe suna hawa kan jerin ƙafafu biyar maimakon takwas, a haɗa irinsu biyu a yi jirgi ɗaya. Shekaru da yawa duk mai son su sai dai ya sayi gutsattsarin roba na Ian Kirk ya harhaɗa da hannunsa. Saiti guda na gaske ya tsira, yana layin tarihi na North Norfolk, kuma ina so wata rana ka je ka gan shi da idonka, ka dubi yadda jikin tarago biyu ke zaune a kan jerin ƙafafu ɗaya.

In ya ce ba ruwansa da tasha, jirgi mai kyan gani kawai yake so, ka kai shi ga 2-6-4 na British Railways, ajin 4, wanda aka fara a 1951, aka ƙera guda 155. Bachmann na yinsa, yana kuma da taragan Mark 1 na gajeriyar tafiya. Ka lura da fenti: ja mai haske ne a farkon shekarun 1950, daga 1956 aka koma ja mai duhu. Gauraya su a jirgi ɗaya ba laifi ba ne ga ƙarshen shekarun, don ba rana ɗaya aka fente su duka ba.

Shawarata gare shi, kuma ka riƙe ta ga duk wanda ya zo: ya fara da taragai. Ranar da ya gan su ya ɗauki cikakken jeri, kada ya ce zai ɗauki biyu yau ya dawo wa sauran bayan wata uku. In an yi shelar sabon zubi ya sa sunansa tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Kan jirgi zai jira shi.

Gwanjo ma hanya ce, amma nan ne aikinka yake. Taragan kamfanin Airfix na ƙarshen shekarun 1970 har yanzu suna da kyau in ka canza musu ƙafafu zuwa na ƙarfe. Kawunan jirgi ne ke buƙatar ido. Juya shi ka dubi gindinsa. Wasu na shekarun 1980 an raba ƙarfen gindin biyu, an haɗa ƙafafun da ɗan bututun roba, robar kan tsage, ƙafa ta goce, sandunan su cije. Wasu kuma ƙarfen zubin ne ke kumbura yana dagargajewa saboda gurɓataccen haɗi, wannan ba shi da magani, kada ka karɓe shi ko da kyauta. Ka ɗora shi a layi ya bi ta kan mararraba a hankali, gaba da baya. Ka tambayi mai saye girman kwanar layinsa, wato tazarar daga tsakiyar da'ira zuwa layin, domin yawancin na zamani ba sa son abin da ya gaza milimita 438.

Abin da ya fi duka, ka koyi haɗawa da hannunka. Mai jiran masana'anta kullum a layi yake, wanda ya iya magagari da gam da dalma kuwa yana iya cewa mai saye "dawo bayan sati uku". Ni abin da ya fara tura ni ke nan. Layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, ya fi na Ingila ƙanƙanta, kuma da na so yin jirgin da na sani ina yaro, sai da na ɗauki ma'aunin HO, wanda ya ɗan fi OO ƙanƙanta, a kan layi mai milimita 12 na gina jikin da kaina.

Akwai kwalin kamfanin Ratio a saman kanta, gutsattsarin taragon Midland ne na roba. Gobe da safe ka sauko da shi. Ka fara da goge gefunan bangon har su zauna daidai, ka gwada su a bushe a kan gilashi, kuma kada ka buɗe gam sai na duba. Dattijon kuma ka kira shi yanzu ka tambaye shi tashar.