Ragar da ɗan kwangila ya sa mana

Wai tunda na'ura ta nuna ƙwayar halittar da aka dasa ta shiga jikin tsiron rogo, me zai sa mu ɗora masa cuta da hannunmu, mu zauna jira? Ajiye wayar nan tukuna, yaro, in ba ka amsa.

Na'ura ta ce maka abin ya shiga, ba ta ce yana aiki ba. Guntun ƙwayar halittar bairos ɗin kansa, wato abin da ke haddasa cutar, ake dasa wa shuka, don ta san shi tun bai zo ba, yana shigowa ta daddatsa shi kafin ya hayayyafa. Wani tsiron ya karɓa sosai, wani kuwa abin na kwance a jikinsa kamar babu. Sannan bairos dangi-dangi ne. Cuta ta faɗa wa gwanda a Puna ta Hawai a 1992, inda kusan duk gwandar jihar ke fitowa. Dennis Gonsalves na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka samar da irin da ake kira Rainbow, aka raba wa manoma a 1998, sana'ar ta farfaɗo. Amma da aka gwada shi da dangin cutar na Tailan, sai ya kamu. Kai kuma kana so in sa hannu a kan takarda ba tare da rogon ya haɗu da cutar da ke gonakinmu ba?

Yadda ake aura tsiro mai lafiya da reshe mai ciwo don a ɗora masa cutar, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya taɓa auren mangwaro ya iya.

Ɗakin gwajin shi ne magana. Mun taɓa karɓar 'ya'yan rogo a kwalabe, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, aikin da wasu suka kwashe shekaru suna yi. Na raine su har suka yi ƙwarin shiga tukunya. Na kasa su uku: waɗanda aka gyara aka sa wa cuta, na gida da aka sa wa cuta, sai na gida da ba a taɓa ba, su ne shaidu. Aka ba wani ɗan kwangila kuɗin raga mai ƙananan idanu, wadda farin ƙuda, mai yaɗa cutar rogo, ba ya ratsawa. Ya sa ta gaske a gaba, inda manya ke tsayawa su duba. Baya da can sama kuwa ya lafta ragar sauro ta kasuwa, launi ɗaya.

Wata safiya na ga sabon ganyen wani shaida ya yi dabbare-dabbaren rawaya, gefensa ya murɗe. Na kaɗa shi, sai farin ƙuda ya tashi fuu. Kafin a jima shaidun sun bi juna. To yanzu wace cuta ce ta kama wanda ya kamu, tamu ko ta daji? Babu mai iya faɗa. Doka kuma ba ta yarda ko ganye ɗaya ya fita ba, da hannuna na tara su na cinna wuta. Mutumin ya rantse abin da aka rubuta masa ya kawo, yana da uwa a gindin murhu, aka biya shi cikon kuɗinsa har da sabuwar kwangila. Har gobe in muka haɗu a ɗaurin aure, kai kawai nake ɗaga masa.

Ku yaran yanzu ba ku ga 1975 ba, shekarar da kuturun gyada ya share gonakin Arewa, darɓa na ɗaukar cutar daga wannan gona zuwa waccan. Ni na ga dattawa tsaye a bakin kunya sun rasa ta cewa. Shukar da bairos ya kama, babu feshin da ke warkar da ita, shi ya sa ake wannan wahala. Ku kuwa burinku sakamako ya fito yau, gobe ku ɗora hoto a Facebook da farar riga.

Gobe da sassafe ka ɗauko tsani, ka bi ragar nan taku-taku har rufi, musamman wajen ɗinki da gindin ƙofa. Ka juya ganyen kowane shaida ka duba bayansa. In ka ga ko ƙuda ɗaya, kada ka taɓa komai, ka rufe ƙofa ka kira ni.