Likita ya ce zai rufe jijiyar haƙorina maimakon a cire shi: magani ne ko jan lokaci?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni mace ce 'yar shekara 29. Turmin haƙorina na ƙasa ya yi kogo, yau kusan wata huɗu ke nan. Idan na sha ruwan sanyi ko zoɓo mai ƙanƙara sai in ji kamar an caka min allura, amma da na haɗiye sai ya lafa. Bai taɓa hana ni barci ba. Na je asibiti aka ɗauki hoto, likitan ya ce ruɓewar ta kusa kai wa jijiya, zai kankare ya sa wani magani a kanta ya cike haƙorin, in Allah ya sa an dace ba sai an kashe jijiyar ba. Sai dai ya ce ba zai yi min alkawarin lallai a dace ba. Maigidana ya ce kawai a cire a huta, kada a ci kuɗinmu sau biyu. Don Allah wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ban ga bakinki ba, ban ga hoton ba, amma bisa abin da kika faɗa ina bayan likitanki, kuma ƙin yi miki alkawarin da ya yi ya ƙara sa na yarda da shi. Abin da ya ce zai yi magani ne sananne, muna kiransa rufe ɓargon haƙori. Sharaɗinsa ɗaya: ɓargon ya zama yana raye, kuma bai kumbura har ya wuce gyara ba.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori mai ɗan ruwan ɗorawa, cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani. Can ciki kuma akwai ɗan ɗaki da ɓargo yake zaune, wato abin da mutane ke kira jijiya, alhali ba jijiya kaɗai ba ce: nama ne mai rai, da hanyoyin jini, da ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi idan an taɓa su. Ruɓewa kuwa ba tsutsa ba ce kamar yadda muka taso muna ji. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale a baki, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da haƙori a hankali. Tun kafin su isa, ɓargo yake jin zuwansu ta waɗancan hanyoyi, sai ya fara ja da baya yana gina katanga. Duk aikin likita a nan shi ne ya kore masa maƙiyi, ya toshe ƙofa, ya bar shi ya ƙarasa gininsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne yanayin ciwon, don shi ne ma'auninmu na farko. Zafin da sanyi ko zaƙi ke tayarwa, ya zo ya wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi, alama ce ta ɓargon da ya fusata amma zai iya hucewa. Wanda ke da matsala shi ne ciwon da ke tasowa haka kawai ba a ci komai ba, ko ya ci gaba da zogi fiye da rabin minti bayan an cire sanyin, ko ya tashe ki da tsakar dare kina riƙe da kumatu, ko shayi mai zafi ya tayar da shi ruwan sanyi ya kwantar. Idan aka kai ga kumburin dasashi, ko ƙurji mai fitar da mugunya, ko haƙorin ya daina jin komai bayan ya daɗe yana ciwo, to magana ta sauya, rufewa ba za ta yi amfani ba. Mutane da yawa suna murna idan ciwon ya ɗauke da kansa, ba su san sau tari ɓargon ne ya mutu ba.

Shi ya sa kafin a fara za ki ga likita ya fesa wa 'yar auduga wani abu mai tsananin sanyi, ya ɗora a kan lafiyayyen haƙori tukuna don ki san yadda abin yake, sannan ya ɗora a kan mai ciwon ya ce ki ɗaga hannu, kada ki sauke sai zafin ya tafi. Daƙiƙoƙin yake ƙirgawa. Zai kuma ƙwanƙwasa haƙorin da gindin madubinsa, ya duba ƙarshen saiwa a hoto ko akwai baƙin tabo. A nan ina roƙonki abu guda: in kin sha maganin kashe zafi a ranar, ki faɗa masa. Kuma kada ki rage labarin ciwon don tsoron aiki mai tsada. Wanda ya ɓoye wa likitan haƙori ciwon dare kansa ya cuta.

Rufewar iri biyu ce, kuma sau da yawa likita ba ya sanin wadda zai yi sai ya shiga. Ta farko, ba a buɗe ɓargon kwata-kwata. Ana kankare gefunan kogon tas har a kai ga ƙashi mai tauri, amma daidai saman ɓargon ana barin ɗan siririn shimfiɗa ko da ya ɗan yi laushi, a sa magani, a cike. Marasa lafiya kan yi mamaki: ya za a bar ruɓa a ciki? Amsar ita ce ƙwayoyin da aka toshe wa hanyar abinci ba sa ci gaba da ɓarna. A da an koya wa likitoci su kankare komai sai sun ji ƙarfe na ƙara a kan ƙashi, kuma ta haka aka riƙa huda ɓargon da bai kamata a huda ba. Yau an dawo daga rakiyar wannan, har ƙungiyar likitocin jijiyar haƙori ta Turai ta fitar da matsaya a 2019 tana goyon bayan a kauce wa huda ɓargo muddin da hali. Wasu likitocin suna raba aikin biyu: su sa ciko na wucin gadi, bayan wata 6 zuwa 12 su sake buɗewa su ƙarasa.

Ta biyu ita ce idan ɓargon ya buɗe. Kana cikin kankara sai ka ga wani ɗan ja ya ɓullo a ƙasan kogon, bai fi kan allura ba, jini ya taru ya yi ƙwallo. Daga nan ido ne alƙali. Sai a jiƙa auduga da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a dafa a hankali, a jira. Jini ja mai haske da ya tsaya cikin kamar minti 5 albishir ne. Wanda ya yi duhu, ya ƙi tsayawa, yana nuna kumburin ya yi nisa. Ko a nan ba lallai a kwashe jijiyar duka ba: ana iya yanke milimita 2 ko 3 na saman ɓargon, ko a cire na cikin ɗakin gaba ɗaya a bar na saiwa, sannan a rufe. Don haka in kin ji ya ce shirin ya sauya ana tsakiyar aiki, ba wayo ba ne, abin da ya gani ne. Ku yi maganar kuɗin kowane mataki tun kafin ki hau kujera.

Dabarar ta tsufa. Tun 1756 Philipp Pfaff, likitan haƙorin sarkin Furusiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ya rubuta yadda ake rufe ɓargo da ɗan faifan zinari. Wajen 1930 wani Bajamushe mai suna Hermann ya kawo amfani da kalsiyam haidiroksaid, ɗan'uwan farar ƙasa da ake shafe ɗaki da ita, wanda ya yi shekaru da dama yana sarauta, kuma har gobe shi ne aka fi samu a asibitocinmu saboda arha. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana zaburar da ɓargo ya gina katanga, sai dai yana narkewa da tafiyar lokaci, kuma katangar da ake samu a ƙarƙashinsa takan zo da ƙananan huji. A farkon shekarun 1990 Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya fito da wani sabon magani mai suna MTA, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Asalinsa dangin simintin gini ne da aka tace, yana daskarewa ko da akwai danshi, yana liƙewa sosai. (Kada wani ya ji haka ya nufi buhun siminti, na san halinmu.) Aibinsa tsada, da jinkirin bushewa, kuma wasu nau'o'insa kan sa haƙori ya yi duhu, abin da ba zai dame ki ba tunda turmi ne. Daga baya wani kamfanin Faransa ya fito da Biodentine, wanda ke daskarewa cikin kamar minti 12. Idan ɓargo ya buɗe a cikin ruɓewa, binciken da aka yi ya nuna waɗannan sababbin sun fi tsohon samun nasara, don haka ki tambayi likitanki wanne zai sa. In ba a buɗe ba, bambancin bai kai haka ba.

Amma in gaya miki gaskiya, abin da ya fi kashe wannan aiki ba nau'in maganin ba ne, yawu ne da ciko mai yoyo. Yawu cike yake da ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake so a yafa wa haƙorin wata 'yar roba da ke raba shi da sauran baki kafin a kusanci ɓargo. Sannan cikon dindindin ya hau da wuri, in da hali a zama ɗaya. Na taɓa yi wa wani matashi ɗan kasuwa wannan aiki, jini ya tsaya lafiya lau, na sa masa na wucin gadi na ce ya dawo bayan mako biyu. Da ya ji shiru sai ya ɗauka ya warke. Bayan fiye da shekara ya shigo da kumatu kamar ya cusa goro, cikon ya daɗe da faɗuwa, yana ta shan maganin kemis. Ƙarshenta sai da aka kwashe jijiyar. Tun daga ranar nake ƙoƙarin gama komai a zama ɗaya ga duk wanda na ga alamar ba zai dawo ba.

Maganar maigida kuwa, ki gaya masa lissafinsa yana da hujja, amma bai cika ba. Gaskiya ne ana iya rufewa daga baya ciwo ya dawo, a biya kuɗin kwashe jijiya. Sai dai ko hakan ta faru haƙorin yana nan, ƙofar gyara ba ta rufe ba. Wanda aka cire ba ya dawowa. Gurbin turmi ba ya zama haka nan: na kusa da shi yakan kwanto, na sama yakan zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa, tauna ta koma gefe ɗaya, kuma kuɗin dasa haƙorin ƙarfe ya ninka na ciko nesa ba kusa ba. Haƙori mai rai ma ya fi wanda aka kashe wa jijiya, don yana jin nauyin abin da aka tauna, yana kuma yi miki gargaɗi idan sabuwar ruɓewa ta taso. Ga shi shekarunki suna taimaka miki, ɓargon matashi ya fi saurin warkewa.

Bayan aikin, ɗan tsami ko jin sanyi na 'yan kwanaki zuwa makonni ba abin tsoro ba ne, muddin yana raguwa. In ya koma zogi, ko ya tashe ki da dare, ko wurin ya kumbura, ko cikon ya ɓalle, ki koma ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba. Ko babu ciwo ki je a duba bayan wata 6, da kuma bayan shekara, a sake gwajin sanyi a ɗauki hoto, saboda ɓargo yana iya mutuwa shiru. Kafin ranar aikin kada ki cusa garin asfirin ko ruwan batir ko fetur a kogon, ƙona nama kawai suke yi. Kanumfari yana ɗan lafar da zafi amma ba ya tsayar da ruɓewa, haka su amoksisilin da ake saya a kemis ba sa warkar da kumburin ɓargo. Ki rage zaƙi tsakanin abinci, ki riƙa goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid, asuwakin ma ki ci gaba da shi.

Wata huɗu kin riga kin ci daga lokacin da kike da shi, kuma ciwonki har yanzu irin mai wucewa ne. Ki koma wurin likitan a wannan makon, ki tafi da maigidan in zai yarda, a nuna masa hoton da idonsa.