Hajiya, ga abin da na sani kan ɗaukar soja da masu ajiye kaki

Hajiya, barka da war haka. Kin ce ɗanki ya nace sai ya shiga soja, kuma kina mamakin yadda ake kukan ƙarancin sojoji alhali ana ta jin wasu suna ajiye aiki. Na sa kakin nan har na yi ritaya ina saje, yanzu ina zaune nan Jos ta wajen barikin Rukuba.

Masu son shiga ba su taɓa yin kaɗan ba a wajenmu. Da an buɗe shafin ɗaukar kurata matasa za su yi ca, a zaɓi 'yan kaɗan daga kowace jiha, a kai su Zariya horon wata shida. Amma ƙarancin gaskiya ne. Sojan ƙasa da na ruwa da na sama gaba ɗaya kaɗan suka haura dubu 200, a ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 200. Ga shi an jibga musu har aikin 'yan sanda. Nan Filato tun 2010 aka kafa rundunar tsaro ta musamman, soja ne a shingen hanya, soja ne a ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom. Ga Borno da Yobe, ga dazukan Zamfara da Katsina.

Inda gizo ke saƙar shi ne riƙe wanda aka riga aka horar. In mutane ba su isa ba, wa zai karɓi wanda ke bakin daga? Wa'adinsa ya cika, babu mai canjinsa, sai ya ci gaba da zama. Matarsa tana bariki a ɗaki da falo, ta haihu, ya raɗa wa jariri suna ta waya. Ranar da ya samu izinin zuwa gida, rabin kwanakin a hanya za su ƙare, ya shigo da jakarsa yaron ya ruga ya ɓuya bayan uwarsa. Na ga ƙarti waɗanda harsashi bai razana su ba, wannan ya karya musu zuciya. A 2020 sojoji 356 suka nemi a sallame su a lokaci guda, mafi yawansu suka ce aikin ya fita daga ransu.

Kuɗi ma na ciki. Sai a 2025 aka ɗaga kuɗin abincin soja na yini daga naira 1,500 zuwa 3,000, ke kuma kin san farashin kwanon shinkafa a kasuwar Taminus. Sannan yaran suna kallon tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Abin da ya fi ci mini rai, waɗanda ke tafiya galibi kofur ne da saje. Su ne za su dubi ƙasar hanya su gane an tona an binne bam, su ne ke kwantar wa sabon yaro hankali ranar da ya fara jin ruwan wuta. Kurtu goma ba sa cike gurbin mutum ɗaya irin wannan.

Duk da haka ba zan ce ki hana shi ba, aiki ne na mutunci kuma ƙasar na bukatarsa. Cike fom kyauta ne ta intanet, duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai sa sunansa ɗan damfara ne. Ana neman ɗan shekara 18 zuwa 22 mai takardar sakandare da shaidar ƙaramar hukuma. In sakamakonsa na da kyau, ya rubuta JAMB ya gwada NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ya fito hafsa. In yana da sana'ar hannu kamar kanikanci ko tuƙi, ya nema ta wannan layin. Kafin komai, ki haɗa shi da wanda ya dawo daga Borno kwanan nan su zauna, kuma ranar cike takardu ki tabbatar ya rubuta sunan magajinsa daidai, harafi da harafi.