Karen farauta ya kama akuyar maƙwabci: hukuncin naman da hukuncin biya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. In an gama girbin dawa nakan fita da karnukana neman zomo da zabi, don a samu na miya. Kwanan baya na yi bisimilla na saki karnukan a kan zomo, zomon ya ratsa ta cikin awakin wani maƙwabcina da ke kiwo a saura. Manyan karnukan suka bi zomo, ƙaramin ya kauce ya kama 'yar akuya. Na iso na tarar ya farke mata ciki, hanji a waje, tana shure-shure, sai na yanka ta. Mai ita ya ƙi karɓar naman, ya ce kuɗi yake so, muka shanya shi ya zama sharmut, wato busasshen nama, muna jiran hukunci. Ya halatta a ci? Dole ne in biya, alhali ba a kanta na saki karen ba? Kuma wani dattijo ya ce horarren kare ba ya taɓa dabbar gida, don haka duk abin da wannan karen ya taɓa kamo mana mushe muka ci.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, zan fara da maganar dattijon, don sauran amsar a kanta ta rataya.

Gaskiya ne kare yana bambance naman daji da dabbar gida, amma a san ta wace hanya. Ba mallaka yake ganewa ba, bai san akuyar nan ta wane ce ba. Hanci yake da shi, da sabo. Ƙwayoyin shinshina a hancinsa sun ninka na mutum sau gommai, warin zomo daban yake a wurinsa da warin akuya. Amma jin bambancin wari bai isa ya hana shi kamu ba. Abin da ke hana shi sabo ne da ya samu tun yana ɗan kwikwiyo, musamman daga mako na 3 zuwa na 12 da haihuwa. Duk dabbar da ya kwana ya tashi da ita a wannan tsakanin yakan ɗauke ta 'yar gida. Shi ya sa makiyaya ke rainon kwikwiyo a cikin garke, kuma mafarautan da suka san aikinsu ke zagayawa da shi cikin awaki da igiya a wuya, ana kwaɓarsa da zarar ya kafa wa ɗaya ido, kafin a taɓa nuna masa zomo.

Sai dai wannan sabo yana da inda yake karyewa. Karnukan nan sirara masu dogayen ƙafafu, jinsin salugi da ire-irensa da Larabawa ke farauta da su, da ido suke aiki fiye da hanci, kuma gudu ne ke tunzura su. Akuyar da ke tsaye tana cin karan dawa ba ta dame shi ba. In ta firgita ta zura a gabansa yana tsakiyar kora, ta shiga sahun abin kamawa. Ƙaramin kare ya fi faɗawa wannan, haka ma karnukan da suka haɗu da yawa suna zuga juna. Abin da ya faru da kai ke nan.

Shari'a kuwa ba ta taɓa sa wannan bambancewa cikin sharuɗɗan horo ba. Aya ta 4 a suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kama mana in an ambaci sunan Allah. Malamanmu na Malikiyya suka ce horarre shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya suka ƙara cewa kada ya ci daga abin da ya kama, saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce in karen ya ci kada a ci, don kansa ya kama wa. Imamu Malik bai sharɗanta wannan ba. Duk cikinsu ba wanda ya ce sai karen ya san akuya daga barewa. Saboda haka zomayen da ya kamo maka a baya halal ne, matuƙar kai ka tura shi, ka yi bisimilla, yana jin kiranka, ka kuma yanka wanda ka riska da rai. Dattijon ya tsananta inda ba a tsananta ba. Tambaya ɗaya zan bar maka: ka kira shi ranar nan ya ƙi ji? In haka halinsa yake, bai horu ba tukuna, kuma hadisin Abu Sa'alaba ya nuna abin da kare marar horo ya kama ba a cinsa sai an riske shi da rai an yanka.

Akuyar dai cizon kare ba ya halatta ta, ko da ka yi bisimilla sau ɗari. Rauni yana tsayawa a madadin yanka ne ga naman dajin da ba a iya kamawa. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ba a cin dabbar gida da abin da ake cin naman farauta da shi. Sauran mazhabobi uku sun yi rangwame ga dabbar gida da ta tsere ta gagari kamu, saboda hadisin Rafi'u ɗan Khadij na raƙumin da ya ɓalle aka tsayar da shi da kibiya. Amma 'yar akuya tana kiwo a saura ba ta gagari kowa ba.

Saura yankan da ka yi. Aya ta 3 a suratul Ma'ida ta haramta abin da dabba mai kamu ta ci, sai wanda aka riska aka yanka. A mashhurin mazhabarmu yanka ba ya amfani idan an riga an taɓa ɗaya daga makasa biyar: tsinkewar lakar baya, zubewar ƙwaƙwalwa, zubowar kayan ciki, yankewar jijiyar wuya, ko hujewar hanji. Yadda ka siffanta ta, an taɓa. Wasu malamai, har da Abu Hanifa, suna ganin muddin da sauran rai yanka ya halatta ta, kuma an ruwaito daga Ibn Abbas irin haka game da tunkiyar da kyarkeci ya farke wa ciki. Ni fatawata kada ku ci sharmut ɗin nan. Wanda ya riga ya ɗanɗana bisa wancan ra'ayin ba za a ce ya ci mushe ba. Kuma kada a jefa wa karen, don kada ka koya masa abin da kake son ya manta.

Biya kuwa yana kanka. Na san za a kawo maka hadisin da ya ce ɓarnar dabba ba ramuwa, kuma ingantacce ne. Amma malamai sun fassara shi da dabbar da ta fita da kanta, ba mai kora, ba mai ja, ba mai hawa. Kai da hannunka ka kwance igiya. A littattafan Hanafiyya akwai maganar cewa dabbar da aka tura, in ta kauce hanya, hukuncin turawar ya yanke. Da a ce cikin daji mai nisa ne, ba garke a kusa, da na duba maka wannan. Amma a saura ne bayan girbi, lokacin da kowa a ƙasar Sinnar da Gadarif ya san dabbobi na shiga cin kara, kana ganin awakin, kuma cikin karnukan akwai ƙarami wanda bai gama sabawa da awaki ba. Wannan sakaci ne, kuma a dukiyar mutane ganganci da kuskure duk biya ne. Zunubi kawai ake ɗauke wa mai kuskure. Maƙwabcinka bai yi laifi da ya saki awakinsa da rana a wurin kiwo ba. Ƙimar akuyar za ka ba shi, kuɗinta na ranar da ta mutu, kamar yadda mutum biyu masu sanin kasuwar dabbobi za su ƙiyasta. In ya yafe wani abu a gaban dattawan unguwa, alherinsa ne. Daga yau kuma an san karen da wannan hali. In ya sake, ba ka da sauran uzuri a kan biya.

Ka ambaci zabi, to a nan ne hancin kare ba ya taimakonka ko kaɗan, don zabon gida da na daji jinsi ɗaya ne. Zabin da ke kiwo a bayan gari su koma kwana gidan wani, dukiyarsa ce, ko da sun yi nisa. Wanda ya tsere ya koma cikin na daji ya zama irinsu, shi ne malamanmu suka ce na wanda ya kama ne. In kana shakka, riƙe igiyarka. Kuma gandun dajin Dindir da ke gabas da ku, wanda aka keɓe tun 1935, hukuma ta hana farauta a cikinsa, kada zabo ko barewa su ja ka can.

Karen ba sai ka kashe shi ba. Riƙe kare don farautar abinci yana cikin abin da hadisi ya yi izini, tare da na kiwo da na gona. Ka mayar da shi igiya, ka riƙa ratsa garke da shi har ya daina waiwayar akuya ko da ta zura da gudu, a yi masa allurar rigakafin haukan kare, sannan ka sake fita da shi. In bai gyaru ba, ya zauna gadin gona a ɗaure.

Wallahu a'alam.