Amsa ga Malam mai tambaya kan makomar jaridar takarda

Malam, ka tambaya ko intanet za ta binne jaridar takarda baki ɗaya. A ganina jaridar labaran yau da kullum tana cikin mawuyacin hali, amma littafi da sauran ɗab'i suna nan daram.

Mahaifinmu a nan Katsina yakan ba mu labarin yadda ake zagaye mai karatu ɗaya a zaure ana sauraron Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Yau kuwa kafin Aminiya ta iso hannun mai talla, labarin ya riga ya zaga WhatsApp da Facebook tun daren jiya. Ga tsadar takardar bugu, da dala ake shigo da ita, masu tallan haja kuma sun koma waya. Wannan shi ya fi damuna, domin kuɗin talla ne ke riƙe albashin ɗan jarida mai bin diddigi.

Amma ka tuna 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro. 'Yan'uwanmu na Batsari da Jibiya rediyo suka koma, wayoyi suka zama fitila kawai. Sannan ka leƙa kowace Islamiyya a Ƙofar Ƙaura: Ahalari da Ishmawi a hannun yara suke, gefensu duk ya naɗe don sha karatu. Sanarwar canjin suna ma har gobe shafin jarida ake yankowa a kai banki.