Ga mai tambaya kan tsohon Rolex: ka fara neman mai gyara tukuna

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana son fara tara tsoffin agoguna kuma wani ya turo maka hoton Rolex ta WhatsApp wai na gado ne magada na son kuɗi da gaggawa, ka saya ko ka bari. Na ga wasu har sun ce ka yi wuf da shi. Ni dai in za ka ji tawa ka dakata, wanga cinikin biri a sama ne, kuma na taɓa yin irinshi na sha wuya.

Ni abin da ya jawo ni cikin harkar ga agogon mahaifinmu ne Allah ya jiƙan shi, Seiko 5 da ya sayo a Makka hajjin 1981. Lokacin nan tsarabar alhaji ba ta cika sai da agogo, mai hali ya riƙo Rado, na ƙasa da shi Seiko ko Orient mai taurari uku ko Citizen. Bayan rasuwarshi anka ba ni, ya fi shekara goma cikin adaka, na girgiza shi sau biyu kawai sai ga hannun sakan ya tashi yana tafiya. Wallahi sai da na yi hawaye. Ba batir gare shi ba, motsin hannunka ne ke ba shi ƙarfin tafiya, shi ne ake ce ma otomatik.

To a bayan wanga agogon na koyi karatun da nake son ka koya kafin ka ba kowa ko sisi. Juya murfin baya na tsohon Seiko za ka ga lamba kashi biyu da ɗan layi a tsakani, ta baba ta fara da 7009, wannan lambar inji ce, ta biyun kuma ta gidan agogon. In ka duba can ƙasan fuskar kusa da ƙarfe shida da ƙananan baƙaƙe za ka sake ganin lambar injin, kuma in an buɗe tana rubuce jikin injin kanshi. Dole wuraren ukun su yi magana ɗaya. Sannan a murfin akwai wata lamba mai guda shida, ta farko lambar ƙarshe ce ta shekara ta biyu wata, Oktoba O, Nuwamba N, Disamba D. Na baba 0N ne, kenan Nuwamban 1980 anka ƙera shi, ka ga ya dace da hajjin nashi.

Da na san haka tun farko da ban faɗa hannun wani mai saidawa a intanet ba. Seiko 5 ne fuska kore shar tana ɗaukar ido, araha kamar kyauta. Da ya iso kwana uku ya yi ya tsaya. Na kai wurin dattijon da ke yi min gyara nan babbar kasuwa, ya sa gilashinshi a ido ya buɗe, ya yi dariya ya ce Malam wanga ai haɗin gambiza ne. Inji na wani agogo, gida na wani, fuskar fenti ce sabuwa an liƙa ta da gam, ga tsatsa ja a gefen injin. Irinsu da yawa daga Indiya suke fitowa, har masu harkar sun sa musu sunan Mumbai. Duk tsohon agogon da ka ga fuskarshi ta fi ta sabo ƙyalli, ko launi irin na alawar yara, ka yi baya.

Yanzu kan Rolex ɗinka. Babu agogon da ake yi ma jabu kamarshi a duniya, kuma jabun yanzu ba irin na da ba ne. Kar ka yarda da masu cewa in hannun sakan yana sulalewa bai yin tik tik to orijina ne, na jabu ma injin otomatik ake sa musu suna sulalewa sumul. In tsoho ne da gaske a cire sarƙa, tsakanin ƙafafun da ke riƙe ta wajen ƙarfe goma sha biyu akwai lambar samfuri, wajen ƙarfe shida akwai lambarshi ta kanshi, rubutun a sassaƙe yake tsaf ba kamar an yi da yashi ba. Ɗan ƙullutun gilas da ke kan kwanan wata ninki biyu da rabi yake ƙara girma, lambar kwanan cika shi take. Bayanshi rufe yake da ƙarfe, in ka ga tsohon Rolex da gilas a baya ana hangen inji to ka gode ma mai shi ka tafi. Kuma duk wanga bai isa ba sai an buɗe gaban idonka wanda ya sani ya duba injin. In mai shi ya ce ba a buɗewa, ciniki ya mutu. Ban da haka labarin magada ɗin nan, su waye, ina suke? A Sakkwato muke, in gidan gaskiya ne ba za a rasa wanda ya san su ba. A zauna da shaidu a rubuta takarda, don kayan sata ma da irin wanga labari suke yawo.

Ko da ya tabbata na gaske ne ka tambayi kanka wa zai yi maka sabis. Injin agogo mai gare shi kamar na mota, yana bushewa, bayan 'yan shekaru sai an warware an wanke an sa sabo. Kayan Seiko ko Orient mai gyara zai iya ciro maka daga gwangwanin matattun agogunan da ke kan teburinshi, na Rolex ko Omega kuwa sai an yi oda an jira, da dala. Shi ya sa nake cewa ka fara samun mai gyara na amana. Kuma ka ja mishi kunne, a wanke inji kawai, ban da fenti ban da gurzar jiki. Na taɓa ba wani Omega Seamaster, don ya burge ni ya goge fuskar da wani ruwa, rubutun ya bi tsumma. Masu saye na gaske sun fi son fuskar asali ko da ta yi ɗan ja-ja na tsufa.

Sai yanayin garinmu. Kar rubutun da ke cewa bai shan ruwa ya ruɗe ka, robar da ke toshe murfin ta shekara arba'in ta bushe ta zama kamar ƙanzo. Alwala sau biyar a rana, ka cire shi ka sa aljihu, ni na saba har ban san ina yi ba. In ka ga hazo ta cikin gilas ranar za ka kai shi, kar ka ce sai gobe, tsatsa ba ta jira. Zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 gumi na cinye maɗaurin fata cikin ɗan lokaci, sarƙar ƙarfe ta fi mana. Turare ma na cin ruwan zinari, ka fesa ya bushe kafin ka ɗaura, kuma kar ka riƙa aje shi kan sifika ko jikin waya, maganaɗisu na sa ya dinga gudu.

Da ni ne kai da Seiko 5 zan fara, tun 1963 ake yin shi kuma bai da tsadar da in an cuce ka za ka kwanta ciwo. In ka ƙware sai Rado DiaStar, wanda ya fito 1962, jikinshi bai karcewa da sauƙi, kuma a na otomatik ɗan tambarin anka, wato ƙugiyar jirgin ruwa, da ke kan fuskar juyawa yake in ka karkata agogon. Ka tambayi tsofaffin gidanku, za ka sha mamakin abin da ke kwance cikin adakoki.

Hoton da anka turo maka guda ɗaya ne kuma fuska kawai ya nuna. Ka ce ya turo na baya, da na tsakanin ƙafafu bayan an cire sarƙa, ka sa mana nan mu gani.