Tambaya da Amsa: Wai RNA ba ɗan aike ba ne kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce a jami'a aji biyu, tun muna sakandare abin da aka koya mana shi ne DNA ke riƙe da bayani, RNA kuma ɗan aike ne, ya kwafo saƙo ya kai a haɗa furotin shikenan aikinsa ya ƙare. To wannan zangon sai malaminmu ya ce wai yadda RNA ke naɗewa yana da hannu a aikin ƙwaƙwalwa har da wasu cututtuka. Ni wallahi ban gane ba, abu ne fa kamar zare mai haruffa huɗu, to mene ne ruwan ƙwaƙwalwa da yadda zare ya naɗe? Dan Allah a warware min. Daga ɗalibarka a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, amin, na gode. Malaminki gaskiya ya faɗa, kuma abin da aka koya miki a sakandare ma ba ƙarya ba ne, rabin labarin ne kawai.

Ki tuna rawani. Yadin ɗaya ne ko, amma in kin je fada ranar hawan sallah, daga naɗin kaɗai za ki gane wannan ɗan sarki ne saboda kunnuwa biyu, wancan malami ne, ba sai kowa ya buɗe baki ba. To RNA haka yake. DNA igiya biyu ne a murɗe da juna, duk haruffansa sun riga sun sami abokan zama, shi kuwa RNA igiya ɗaya ce tal, haruffansa A, U, G da C a sake suke, sai ya lanƙwaso ya kama kansa da kansa, A ta riƙe U, G ta riƙe C, wani wurin ya zama kamar kin ninka igiya biyu kin murza ta kin bar zarge a kai, wani wurin in G ta yi yawa sai su jeru hurhuɗu su yi murabba'i su hau kan juna kamar an jera faifai. Su kuma furotin ɗin da ke kula da RNA a cikin sel da yawansu ba haruffa kaɗai suke karantawa ba, naɗin suke dubawa, in sun ga irin wanda suka sani su kama, in ba su gani ba su wuce abinsu.

Me ya sa abin ya fi tsanani a ƙwaƙwalwa? Saboda nisa. Ƙwayar jijiya ba dunƙulalliya ba ce kamar sauran sel, rassa gare ta kamar bishiya, akwai wadda reshenta ke tashi daga ƙashin baya ya sauka har ƙafa, kusan mita guda, kuma guda ɗaya tana iya samun mahaɗa dubbai da 'yan'uwanta. In kina haddar karatu mahaɗa kaɗan ne ke buƙatar ƙarin ƙarfi ba duka ba, kinga ba zai yiwu a tsaya jiran a haɗo furotin daga cibiya a kawo ba. Sai a tura RNA ɗin can tun da wuri, a ajiye shi a rufe, ranar da saƙo ya iso wannan mahaɗar a buɗe shi a yi furotin nan take. Tun 1982 Oswald Steward da William Levy suka hango injinan haɗa furotin a tattare a gindin waɗannan mahaɗu, abin da ya nuna lallai a can ma ana aiki. Adireshin inda za a kai RNA da kuma umarnin "kar a buɗe tukuna" galibi a jelarsa suke, ɓangaren da ba ya zama furotin sam, kuma akwai masu dako irin su Staufen da sai sun ga inda igiyar ta ninku biyu suke kamawa.

Amma misalin da ni ya fi taɓa ni, wanda duk lokacin da na tuna shi sai na ce ikon Allah, shi ne na wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayar jijiya, ɗaya daga sassanta sunansa GluA2. Abin da DNA ya rubuta a wani gurbi nata CAG ne, wato amino asid glutamin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. In aka bar shi haka ƙofar za ta riƙa barin kalsiyam yana kwarara ciki, shi kuma in ya yi yawa illa yake yi wa jijiya. To kafin a gama gyara RNA ɗin, wani yanki da ke can gaba, wanda ma yanke shi za a yi a zubar, sai ya lanƙwaso ya manne da wannan gurbin su zama igiya biyu. Wannan ninkin shi ne inzayim ADAR2, wani furotin mai gyaran RNA, ke nema, da ya gan shi sai ya zauna ya sauya A ɗin nan guda ɗaya tak, ta koma wani harafi da sel ke karantawa kamar G, glutamin ya koma arjinin, ƙofar ta toshe wa kalsiyam hanya. A lafiyayyar ƙwaƙwalwa kusan kowane kwafi sai an yi masa wannan gyaran. Ɗakin binciken Peter Seeburg a Heidelberg ta Jamus ne ya gano wannan gyaran a 1991, kuma a 1995 suka cire wa ɓeraye wancan yankin mai lanƙwasowa, ba su taɓa haruffan da ke zama furotin ba ko ɗaya fa, ninkin kawai suka hana. Ɓerayen suka kama farfaɗiya, cikin kamar sati uku da haihuwa suka mutu. Ki sake karanta wannan 'yata, amsar tambayarki kenan gaba ɗaya.

A mutane ma an gani. Akwai furotin tau, wanda RNA ɗinsa ke da ɗan ninki a daidai bakin yanki na 10 (RNA yanki-yanki yake fitowa, a yanke wasu a haɗa sauran), shi ne ke sa wani lokacin a saka yankin wani lokacin a tsallake shi, har nau'i biyun su zo kusan daidai wa daida a ƙwaƙwalwar babban mutum. A 1998 aka gano wasu iyalai masu gadon ciwon gushewar hankali da ke fara taɓa gaban ƙwaƙwalwa, halin mutum ya canja tun bai tsufa can ba, a wasunsu canjin harafin a wajen yankin yake, abin da ya yi kawai shi ne ya sassauta ninkin, sai yanki na 10 ya riƙa shiga fiye da kima, awo ya karkace.

Wani lokacin kuma naɗin ne ke yin yawa. A jikin FMR1, wani sashe na DNA da aka gano a 1991, haruffan CGG suna maimaituwa, yawancin mutane ba su kai sau 45 ba. In ya haura 200 sai a kulle wurin, a rasa furotin FMRP da yake samarwa, wanda aikinsa ya riƙe RNA a mahaɗu har da masu murabba'in G ɗin nan ya hana a buɗe su ba lokaci ba, wannan shi ne ciwon Fragile X mai kawo tawayar fahimta, ya fi tsanani a yara maza. Mai 55 zuwa 200 kuwa wurin bai kullu ba, RNA ɗin ne ke fitowa da yawa yana cukurkuɗewa yana riƙe furotin ɗin da ba nasa ba, wasu mazan in sun manyanta sai rawar hannu da tangaɗi. Irin haka aka samu a 2011 a wani sashen DNA mai suna C9orf72, maimaicin GGGGCC, a masu ciwon shanyewar jiki na ALS.

Abu ɗaya dai kar ki ruɗe a jarrabawa: naɗin daga haruffan yake fitowa, ba daga sama yake faɗowa ba, sai dai haruffa iri ɗaya suna iya naɗewa ta hanya fiye da ɗaya, kuma akwai inzayim da aikinsu kenan su warware, wasu furotin kuma su danne, shi ya sa RNA ɗaya zai yi shiru a nan ya yi aiki a can.

Kuma karatun nan ba na allo kaɗai ba ne, har ya kai ga magani. Akwai ciwon SMA mai shanye tsokar jarirai, a Disambar 2016 Amurka ta amince da nusinersen, ɗan guntun zare ne da ake yi wa allura ta baya, ya je ya manne a RNA na SMN2, sashen DNA da ke iya samar da furotin ɗin da jariran suka rasa, ya rufe wurin da ke sa a tsallake yanki na 7. A 2020 kuma risdiplam ya fito, shi sha ake yi, yana zama ne daidai inda RNA ɗin ya haɗu da injin da ke yanka shi yana haɗa yankunan, ya ƙarfafa riƙon. Yaran da a da ko zama ba sa kaiwa ga yi, ga su wasu suna zama da kansu.

In kin koma aji ki roƙi malaminki ya zana muku ninkin GluA2 ɗin nan a allo, ki kwafa da hannunki, ki haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya har ki ga inda A ɗin take zaune. Ki gaishe min da shi, Allah ya ba da sa'a.